Jirgin da Igiya Ke Ja

Motar Alhaji Sabi'u ce ta ɗauko ni daga filin jirgi ta sauke ni a Springfield, kuma na daɗe ban je ko'ina ba sai inda motar nan ta kai ni. Ni makaniken masaƙa ne daga Kaduna. Da aka rufe masaƙarmu na yi ta zaman benci a Kakuri, har Allah ya sa cacar biza ta faɗo kaina. Ana bukatar adireshin wani a Amurka, sai wani abokin aikina ya haɗa ni da Alhaji Sabi'u, ɗan garinsu, wanda aka ce ba ya ƙin baƙo.

Bai ƙi ni ba kuwa. Ya sauke ni a ɗakin ƙasa na gidansa, inda na tarar da wasu baƙin irina. Taga ɗaya ce a ɗakin, can sama daf da rufi, ba abin da ake gani ta cikinta sai ƙafafun mutane da tayoyin mota. Alhaji yana da ɗan kamfanin samar da ma'aikata: sharar ofisoshi, wankin daɓe, kwashe kaya. Shi ke kai mu, shi ke ɗauko mu, shi ke karɓar ladan aikin ya miƙo mana abin da ya ga dama. In ka yi magana sai ya yi murmushi ya ce, "Malam Isiyaku, ba ka san ƙasar nan ba tukuna. Ka bar ni in riƙe ka."

Wata Juma'a na ce ba zan jira kowa ba, da ƙafata zan nemi masallaci. Na sa kaftanina na fita. Unguwar shiru, ba mai shayi, ba ɗan acaɓa, ba ko yaro a waje da zan tambaya. Na yi ta tafiya har hanyar masu ƙafa ta ƙare a bakin wani ƙaton titi, motoci na wucewa kamar an koro su. Babu wurin tsallakawa. Na tsaya ina kallo, wata motar 'yan sanda ta rage gudu, na ciki ya dube ni ya wuce. Na juya na koma ɗakin ƙasa na yi azahar ni kaɗai. Ranar na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifina.

A sallar idi na gamu da wanda ya fitar da ni. Alhaji ya kwashe mu zuwa babban masallacin Sterling, ina neman takalmina sai na ji wani dattijo a bayana yana cewa, "Kai mutumin ina ne?" Baba Tanko ke nan, mutumin Kumasi, mai tura keken marasa lafiya a filin jirgi. Hausarsa irin ta zango ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa. Ya saurare ni har na gama, bai zagi Alhaji ba, ya ce kawai, "Lahadi zan zo in ɗauke ka. Mma Ayi ya dafa shinkafa da wake."

Mma Ayi matarsa ce. A filin ajiye motoci na wani kanti da aka rufe Baba Tanko ya koya mini tuƙi, Lahadi bayan Lahadi, har na sami lasin. Shi ya tsaya mini na sami aikin tura keke a wurinsu, ya kuma ba ni hayar ɗakin ƙasa na gidansa a Sterling. Ranar da na kwashe kayana Alhaji Sabi'u ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Haka kuke. Da kun ga gari sai ku manta wanda ya tarbe ku." Na yi masa godiya na wuce.

Shekaru suka tafi ina tura tsofaffi daga ƙofar jirgi zuwa wurin ɗaukar kaya. Aiki ne na mutunci, amma hannuna bai daina ƙaiƙayin sifana ba. Da aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa marar direba a filin, nakan shiga da kekena in kasa kunne ina sauraron kukan injin, fasinja na yi mini magana ban ji ba. Na nemi aikin gyara a wurare da dama. Kowa sai ya tambayi takardar ƙasar nan, ni kuwa takardata ta wata masaƙa ce da ciyawa ta riga ta cinye.

A cikin shekarun nan na samu na kawo matata Hadiza da 'yarmu Ummi. Ummi ta shiga makaranta, kafin a ce haka sai in yi mata magana da Hausa ta amsa da Turanci. Hadiza kuwa ta gaji kurkukun da na fito. Ta ƙi tuƙi tun ranar da wata babbar mota ta danna mata ham a kan babban titi. In Mma Ayi ta tafi aikin kula da tsofaffi, sai ta wuni ita da bango. Bayan haihuwar Ummi, Hadiza ta yi ɓari fiye da sau ɗaya, don haka da ta sake samun ciki, muka yi shiru da bakinmu, muna lallaɓawa.

A wani taron suna Alhaji Sabi'u ya sake ɓullo mini. Ya ja ni gefe da fara'a kamar jiya muka rabu.

"Har yanzu keke kake turawa, makanike guda? Akwai aiki a Kalifoniya. Sabon jirgi ne da ke kai mutane filin jirgin sama, suna neman masu hannu. Kamfanin da kansa zai ɗauke ka, ga masauki, ga inshorar lafiya har ta iyali. Wata uku na gwaji, sai ka kwashe su ku koma."

Na san shi sarai. Amma kalmar inshora ta shige ni, domin na ga yadda ake sallamar mai ciki a ƙasar nan in ba ta da ita. Baba Tanko ya ce, "Wannan mutum ba ya ba da kyauta." Hadiza kuwa ta ce, "Baban Ummi, tun da na zo ban ga ka dawo daga aiki kana ba da labari ba. A Kaduna har isata kake yi da zancen injin. Ka je. Da sauran lokaci kafin haihuwa."

Haka na tafi. Garin yana bakin teku, iska ba ta hutawa. Wanda aka damƙa ni a hannunsa wani dattijo ne ɗan Filifin, Mista Ruben, wanda ya yi ƙuruciyarsa a jiragen ruwa. Ranar farko ya sa ni a jirgin daga tashar jirgin ƙasa ta gari zuwa filin jirgin sama. Taragai kaɗan ne a haɗe, suna tafiya a kan wata doguwar gadar ƙarfe, sama da titi da rufin shaguna. Ba direba, ba kwandasta. Ƙofofi su buɗe su rufe da kansu.

"Kai makanike ne, aka ce," in ji shi. "Nuna mini injin."

Na saurara. Ba kuka, ba jijjiga, sai ɗan sautin tayoyin roba. Na leƙa ƙasa, na leƙa bayan kujeru. Na ce ban ji ba, ban gani ba.

"Don babu shi. Zo ka duba."

Ya kai ni gilashin gaba ya nuna mini tsakiyar hanya. Igiyar ƙarfe ce, kaurinta ya kusa na damtsen yaro, tana gudu a kan jerin ƙananan gargare. Jirgin bai da abin da zai tura kansa. A ƙarƙashinsa akwai muƙamuƙin ƙarfe da ke damƙe igiyar, in ta tafi ya tafi, in ta tsaya ya tsaya. Wutar da ke shiga taragon ta fitilu ce kawai da na'urar sanyi da ƙofofi.

A tsakiyar hanya akwai wani gini inda jirgin ke ɗan dakatawa ba tare da ya buɗe ƙofa ba. Fasinjoji kan ɗauka tsayawar banza ce. A nan muka sauka ta ƙofar ma'aikata, muka gangara ƙasa, sai na tsaya cak. Manyan gargare ne, kowanne ya fi ni tsawo nesa, suna juyawa a hankali, igiya na naɗe a wuyansu, injunan lantarki na juya su. Warin giris ya bugi hancina, sai na ji kamar na shiga masaƙarmu da safe. Mista Ruben ya bar ni na gama kallo.

Sannan ya yi mini bayani. Igiyar ba ta da farko ba ta da ƙarshe, an saƙe bakinta biyu wuri guda ta zama zobe. Kuma ba guda ɗaya ba ce. Akwai wadda ke ɗauko jirgi daga gari ta kawo shi tsakiya, akwai wadda ke karɓarsa ta kai shi filin jirgi. Dakatawar nan da fasinja ke tsaki a kanta, lokacin ne muƙamuƙin ke sakin wannan igiya ya kama waccan. Kafin ya saki, birki ya riƙe jirgin. Kafin birki ya saki, sai na'ura ta tabbatar muƙamuƙin ya kama da kyau. Igiyar tana miƙewa in rana ta yi zafi, ta tsuke in an yi sanyi, saboda haka akwai abin da ke jan ta kullum don kada ta yi sako-sako. A sama kuma akwai ɗakin kula, inda mutum ke zaune gaban talabijin masu yawa yana ganin kowace ƙofa da kowane lungu na gadar. Ba ya tuƙi. Kwamfuta ce ke ba injin umarnin ya tashi, ya ƙara, ya rage. Aikinsa ya sa ido, ya yi magana da fasinja ta lasifika, ya danna jan maɓalli in ya ga abin da bai yarda da shi ba.

"In wuta ta ɗauke fa?" na tambaya.

"Akwai injin dizal da zai ja igiyar a hankali har kowa ya isa tasha. Abin da za ka riƙe shi ne wannan: duk abin da na'urar nan ba ta gane ba, tsayawa take yi. Ba ta cewa bari in gwada. Kai ma haka za ka yi."

Na so aikin nan, ba zan ɓoye ba. Mu ke canja ƙananan gargaren in robarsu ta cinye, mu saurari boris ɗin da gargaren ke juyawa a kansa, mu auna muƙamuƙi. Ranar duban igiya akan ja ta a hankali ta ratsa cikin wata na'ura mai maganaɗisu da ke gano silin da ya tsinke a ciki, inda ido ba ya kaiwa. Duk da haka Mista Ruben sai ya durƙusa ya bi ta da ido, musamman wurin saƙar. Da ya ga yadda nake gane boris mai ciwo da kunne, ya fara tura ni ni kaɗai.

Sauran maganar Alhaji kuwa ba ta daɗe ba ta warware. Katin da na rataya a wuya launinsa daban da na su Mista Ruben. Da na je ofis in sa sunan Hadiza a inshora, matar da ke wurin ta duba ta ce ni ba ma'aikacinsu ba ne, aro na aka yi daga wani kamfani, shi kuma ya aro ni daga na Alhaji. Ba inshora, ba hutu. Masaukin kuwa ɗaki ne a bayan wani garejin fenti, ni da wasu mutum biyu da ba ma jin yaren juna.

Na kira Alhaji. Ya ce, "Haba Malam Isiyaku, ai mataki-mataki ake hawa. Ka gama wata ukun."

Wata uku suka cika aka ƙara wasu. Na so in tattara in koma, sai Mista Ruben ya ce in bazara ta shigo kamfanin zai ɗauki mutum ɗaya kai tsaye, kuma sunana ya bayar. Amma in na tafi kafin kwantiragin ya ƙare, ba za a sake duba ni ba. Na gaya wa Hadiza. Ta ce, "Ka daure. Mun riga mun shiga." Muryarta ba ta yi mini daɗi ba. Tsakaninmu akwai bambancin awoyi, in na tashi aiki sun kusa kwanciya. Wani lokaci Ummi ta karɓi wayar ta ce tana aikin makaranta, ta miƙa wa uwarta. Daga baya na ji daga bakin Mma Ayi cewa ƙafafun Hadiza sun kumbura, ita ba ta gaya mini ba.

Abincin rana a kan bencin gidan injin nake ci, burodi da shayi mai sanyi. Wata rana Mista Ruben ya ajiye mini kwano a gefe, shinkafa da soyayyen kifi. "Matata ta wanke tukunyar sau biyu," in ji shi. "Ba alade a ciki." Tun daga ranar kwano biyu yake zuwa da su.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, a tsakiyar hunturu. Iska ta tashi daga teku da ƙarfi. Muna gidan injin sai muka ji sautin manyan gargaren ya canja, suka rage, suka tsaya. Muryar matar ɗakin kula ta fito ta oba-oba: wani ƙaton tamfol ya taso daga inda ake gini ya faɗo kan gadar, igiya ta ja shi ya naɗe a gargare, na'ura ta tsayar da komai. Jirgi ɗaya ya maƙale tsakanin gidan injin da filin jirgi, cike da mutane.

Muka sa ɗamarar kariya daga faɗuwa muka hau siririyar hanyar da ke gefen gadar. Motoci na wucewa a ƙarƙashinmu, iska na neman ture mu. Mista Ruben ya ce shi da wani za su yanke tamfol ɗin, ni in shiga jirgin in zauna da fasinjoji. "Kada ka bar kowa ya fito kan hanyar nan a iskar nan. Kai ma kada ka fito sai na kira ka."

Na buɗe ƙofar gaba da mukulli na shiga na rufe. Nan take suka yo kaina. Wata mata mai jan akwati, farar fata, ta fi kowa ɗaga murya, jirginta zai tashi, wa zai biya ta, ina direban. Na ce babu direba, na yi musu bayanin igiyar daidai yadda Turancina ya kai, na ce jirgin ba zai zame ba, birki na riƙe da shi. Wasu suka zauna. Ita ba ta zauna ba.

Tun ina kan gadar wayata ke rawa a aljihu. Da na ga sun ɗan lafa sai na ciro. Mma Ayi ce.

"Isiyaku, Hadiza ya fara jini. Tun ɗazu. Na kira motar asibiti, amma ƙanƙara ya rufe hanya, sun ce suna zuwa."

Cikin bai kai wata takwas ba. Na tambaye ta ina Baba Tanko, ta ce yana filin jirgi tun jiya, dusar ƙanƙara ta hana kowa fita. A bayan muryarta ina jin Hadiza tana salati a hankali, irin salatin wanda ƙarfinsa ke ƙarewa. Na ce a kara mata wayar.

"Baban Ummi," ta ce, "kana ina?"

Na dubi waje. Ga filin jirgi can a gabana, ina ganin jirage na ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Mukullin ƙofa na hannuna. Na san da ƙafa zan iya bin gefen gadar in isa. Na kuma san in na buɗe, matar nan za ta bi ni da akwatinta, wasu su bi ta, ga iska.

"Ina wurin aiki," na ce. "Ina zuwa. Ki yi ta addu'a, kada ki yi barci."

Wayar ta katse. Na sake kira, ba a ɗauka ba. Na zauna a ƙasan taragon na jingina da ƙofa. Ban san hawaye na zuba ba sai da na ga taragon ya yi tsit. Matar nan mai akwati ta durƙusa kusa da ni ta tambayi abin da ya faru. Na gaya mata. Ta ciro wayarta ta shiga dube-dube. Can ta ce duk jiragen Washington, inda filin jirgin da ke kusa da gidanmu yake, an soke su saboda ƙanƙara, amma akwai wanda zai kai ni Dallas da yamma, daga can in jira a buɗe hanya. Ta riƙe mini kujera da sunana, tana tambayata yadda ake rubuta shi. Nata jirgin ya tashi muna zaune. Ba ta sake maganarsa ba.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Na dai yi ta kira, wayar na ringi ba amsa. Daga bisani muryar Mista Ruben ta fito: sun cire tamfol, ya duba igiyar, amma ba za a sake ta da gudu ba sai an bi ta duka. Jirgin ya motsa, tafiyar da mai sanda zai iya wuce ta. Na san dalili, ni da kaina da haka zan yi. Amma ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsani igiyar nan a wannan tafiya ba.

Muna isa tasha Mma Ayi ta kira, motar asibiti ta iso, sun shiga da ita ɗakin tiyata. Mista Ruben ya same ni a dandamali. Na gaya masa, na miƙa masa mukulli da oba-oba. Ya dube ni ya ce, "Ka san abin da wannan ke nufi ga maganar bazara." Na ce na sani. Ya cire rigar sanyinsa ya ɗora mini a kafaɗa. "Can akwai ƙanƙara. Tafi."

Na kira Alhaji Sabi'u don kada ya ji a bakin wani. Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Amma zuwanka zai hana abin da Allah ya rubuta ne? In ka bar wurin nan ka zubar mini da mutunci, kuma kada ka sake nemana." Na ce to.

A Dallas na kwana biyu a kan kujera, da kayan aiki a jikina. Mma Ayi ta ce an ciro yaro, namiji, an sa shi a kwalba, Hadiza kuma an ƙara mata jini, ba ta farfaɗo sosai ba. Fiye da haka ba ta sani ba, domin likitoci sun ce sai miji. Duk jirgin da aka rubuta sai a goge. Na yi salla a lungu bayan wani shagon jaridu, na roƙi Allah abin da ban iya faɗa da baki ba.

Da jirginmu ya sauka aka buɗe ƙofa, mutum na farko da na gani Baba Tanko ne cikin rigar aiki, riƙe da keke ba kowa a kai. Ya roƙi abokan aiki suka bar masa ƙofar. Idanunsa sun yi ja don rashin barci.

"Suna nan da rai, su biyun," ya ce tun kafin in gaishe shi. "Mu je."

A mota, muna bin tsakanin tudun ƙanƙarar da aka ture gefen titi, ya ce ya so ya yi wa yaron huɗuba tun ranar farko, da Hadiza ta farfaɗo ya tambaye ta. Ta ce a jira ubansa.

Na same ta a kwance, ta yi fari fat, leɓɓanta sun bushe. Ummi na zaune a gefen gado. Ta dube ni kamar tana tantama, sannan ta taso ta rungume ni. Hadiza ta ɗago hannu da ƙyar ta nuna ƙofa. "Je ka gan shi tukuna."

Nas ɗin ɗakin jarirai ta tsayar da ni a wurin wanke hannu. Na wanke, ta duba, ta ce in sake. Giris ya shige tsagar fatata da ƙarƙashin farce. Ta ba ni ɗan buroshi na yi ta gogewa har hannun ya yi ja, sannan ta kai ni. Yana kwance a cikin kwalbar, bai fi tafin hannuna biyu ba, ga siraran robobi a hancinsa, ƙirjinsa na hawa da sauka da sauri. Ta buɗe mini wata 'yar ƙofa a gefe. Na zura hannu, na taɓa tafin ƙafarsa da yatsa ɗaya, ya janye ta. Na sunkuya na kai bakina daf da ƙofar, na yi kiran salla a hankali yadda shi kaɗai zai ji. Na raɗa masa Usman, sunan yanka na Baba Tanko.

Da na koma, Hadiza ta tambaye ni yadda na gan shi. Na ce ya janye ƙafa da na taɓa shi. Ta yi ɗan murmushi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yaushe za ka koma?"

"Ba zan koma ba. Alhaji ya riga ya tura wani."

"Aikin bazarar fa?"

"Ya tafi."

Ta rufe ido. Na san tana tunanin asibitin nan da yadda za mu fita daga cikinsa, da kekunan da zan koma turawa in sun yarda sun sake ɗaukata. Ni ma shi nake tunani. Na'urar da ke gefen gadon na ƙara a hankali.

Sannan ta laluɓo hannuna ta riƙe. "Gobe ka zo mini da kunu," ta ce. "Abincinsu ba ya shiga."